Kofi Mai Kunne Biyu

Birkgill,
Disamba, 1881

Zuwa ga Yaya Keziah,

Gaisuwa mai tarin yawa, da so da kewa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Septimus da yara duka. Yaya tarin nan da ƙurar audugar masaƙa ta sa miki, ya sauka kuwa? Allah ya sa haka. Mu ma jikinmu ƙalau, sai dai gidan ne ba ƙalau ba. Surukina Baba Kit ya rasu.

Faɗowa ya yi daga tsanin rumbun ciyawa. Bakina har ya gaji da ce wa tsohon nan ya bar hawan tsanin, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai tun ba a haifi uwata ba yake hawansa. Mijina Jabez ne ya tsince shi, ya sungumo shi ya shigo da shi. Yaya, ban taɓa ganin fuska ta lalace haka ba. Gefe guda ya farfashe ya kumbura, har 'yata Leah ta ƙwalla ƙara ta fice da gudu. Bai cika nan take ba, sai da ya kai la'asar. Dab da zai cika ya damƙi hannuna, ba na ɗansa ba, ya ce, "Tamar, ku yi mini arbal. Kofin yana cikin akwatina. Kada ki bari a hana."

Na ce to, in ba haka ba me za ki ce wa wanda ke kan hanya? Amma ni ban san mene ne arbal ba. Kin san Baba Kit da tsofaffin kalmominsa, buhu guda gare shi, kuma duk na shan giya ne a taro. Wadda ake sha ranar ɗaurin aure, a bakinsa biraidel ce. Wadda sabon ma'aikaci ke saya wa abokan aiki ranar da ya fara, futel. Wadda maƙwabta ke dafawa su taru su sha don su ɗaga gidan da ya durƙushe, bidel. Yara na kwaikwayonsa suna dariya, shi kuma yana zaginsu da 'ya'yan shayi. Kullum cewa yake a zamaninsu giya da suna take zuwa, kuma da mutane, yanzu ne kowa ke laɓewa a shago yana shan tasa kamar ɓarawo, shi ya sa take kashe su. Duk zamana a kwarin nan ban ga an yi ko ɗaya daga cikinsu ba, na ɗauka tatsuniya ce.

Da na tambayi Jabez, sai ya taɓa shuɗin ƙyallen nan da ke maƙale a ƙirjin rigarsa, na rantsuwar barin giya, ya ce, "Giya ce kawai aka sa mata hula. A gidan nan an gama." Ban ja ba. Ke kika wanke mini goshi ranar da ya fasa shi da kwalba, ba sai na tuna miki dalilin da ya sa ƙyallen nan ya fi mini zoben aurena ba. Kin kuma ji labarin yadda ya mirgino gangar giyar Baba Kit a lokacin kaka ya tuntsurar da ita a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta kan katanga.

Saboda haka shayi na shirya, da burodi da cuku, irin yadda masu mutunci ke yi yanzu. Na wanke tsohon da hannuna, na sa masa farar rigarsa. Da kafinta Anthony Coates ya kawo akwatin gawar, na ce ya rufe ya buga ƙusa, don ba na son fuskar nan ta zama abin kallo. Sai ya tsaya da guduma a hannu yana kallona, ya ce, "Yanzu-yanzu, Tamar? Kafin mutane su zo?" Na ce buga mana, ko sai na karɓi gudumar? Ya buga, amma ko shayin da na zuba masa bai taɓa ba.

Gobe ne za a kai shi. Hanyar keken doki ta toshe da ƙanƙara, don haka a kafaɗa za a ɗauke shi ta kan dutse har cocin ƙasan kwari, maza suna karɓeɓeniya. Maƙwabcinmu Reuben Peacock ya zaga gida-gida ya yi kira, amma da ya dawo ya ƙi zama, yana ta murza hularsa. Ƙila sanyi ne.

Ki sa mu a addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Taki ƙanwa,
Tamar Harker

Birkgill,
Disamba, 1881

Yaya Keziah,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga halin da muke ciki. Baba Kit yana nan kwance a falonmu har yanzu. Ba a binne shi ba.

Ba wanda ya zo, Yaya. Na jera kofuna, na yanka burodi har ya yi tudu, na tsaya bakin taga. Mai wa'azinmu Mista Calvert ya zo da wasu tsofaffi mata na majami'armu, waɗanda ko kwandon ƙwai ba za su iya kaiwa bayan dutse ba. Ban da su ko kare bai shigo ba. Ina hango hayaƙi na tashi daga kowane gida, mazan kwarin nan duka suna ciki suna jin ɗumi. Mutanen da Baba Kit ya ɗauki iyayensu a kafaɗarsa ke nan fa!

Da rana ta yi na yafa mayafi na nufi gidan Gwaggo Peggy Raw, don in dai magana ce a kwarin nan, ko ba ita ta haife ta ba ita ta yi mata wanka. Na same ta tana saƙa safa a bakin murhu. Na ce, "Gwaggo, me muka yi muku?"

Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ke 'yar birni, wa ya ce ki buga ƙusa?"

Na ce fuskarsa ce ta lalace.

Ta ce, "To ai shi ya sa. Wanda ya mutu a gadonsa da tari, wa ya damu ya gan shi? Shi ya sa kika ga an daina. Amma mutum ya mutu da jini a ka, daga shi sai magajinsa a rumbu, sannan a rufe akwati a miƙo mana shayi? Mu yara ne?"

Nan ta zayyana mini arbal. Ana buɗe gawa a ajiye ta a tsakiyar ɗaki, kowane gida ya turo mutum ya gani da idonsa. A dafa giya da citta da kanumfari, a zuba a kofi guda mai kunne biyu. Magajin mamaci shi ne farkon sha, hannunsa ɗaya a ƙirjin gawar, ɗaya a kunnen kofi. Ma'anarsa, ga ni, ga shi, hannuna bai taɓa ransa ba. Daga nan kofin ya zaga, duk wanda ya kurɓa ya zama shaida, ba shi da bakin magana kuma har abada. Sai an yi haka ake ɗaukar mamaci.

Na ce, "Gwaggo, cewa kuke Jabez ya kashe ubansa?"

Ta ce, "Ni ban ce ba. Amma ranar da ya zubar da gangar nan, Kit ya ce masa gonar nan sai bayan raina za ka ci ta, shi kuma ya ce to ai saura ƙiris. Da kunnena na ji, ba aro na yi ba. Kuma Reuben ya ji suna ɗaga murya a rumbu da safiyar ranar. Kit ya san abin da za a ce, shi ya sa ya roƙi arbal. Ba don maƙogwaronsa ba ne, mamaci ba ya sha. Don ɗansa ne."

Wannan ce ta fi kashe mini jiki. Ashe tsohon yana kwance da fasasshen kai yana tunanin yadda zai wanke wanda ya zubar masa da giya, mu kuma muna cewa maganar mashaya ce.

Na dawo na faɗa wa Jabez duka. Ya ce gaskiya ne sun yi cacar baki, a kan tsanin ne ma, yana hana shi hawa, ya yi fushi ya fita ba tumaki ruwa, sai ya ji faɗuwar. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na san mijina a munanan kwanakinsa, kuma ko a lokacin bai taɓa ɗaga wa ubansa hannu ba, ni ce dai mai shan wannan. Likita ma ya rubuta cewa faɗuwa ce, sai dai takardar likita ba ta da kafaɗa. Mista Calvert ya ce zai ɗauko mahaƙan dalma daga wani ƙauye su ɗauke shi, Jabez ya ce in baƙi suka ɗauki ubansa to an gama yanke masa hukunci.

Ya yarda a buɗe akwatin, ya yarda ya ɗora hannu. Na koma na roƙi Gwaggo Peggy a zuba madara ko ruwa a kofin. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Rantsuwa da madara? Sai dai jarirai su yi muku shaida." Shi kuma ya ce da ni, "Tamar, ke ba ki san abin nan ba. Ni ba ni da kurɓi ɗaya. Ban taɓa samunsa ba."

Ga inda muke. In bai sha ba, Leah za ta girma ana nuna ta da baki, 'yar wanda ya kashe ubansa. Jiya ma ta je ɗibar ruwa, yaran Reuben suka watse suka bar mata rijiyar. In kuwa ya sha, ke kin san sauran. Da kina kusa da na zo na sa kai a cinyarki na yi kuka na ƙoshi.

Ki gaida Septimus.

Taki,
Tamar

Birkgill,
Disamba, 1881

Yayata abar ƙauna,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan sanyin nan bai taɓa ku ba. Na san amsarki tana hanya, amma ba zan iya jira ba. An binne Baba Kit.

Ni na sa Jabez ya sha, ba zan ɓoye miki ba. Da safe na shiga falo, duk da sanyin nan sai na ji warin ɗakin ya fara canjawa, na fito na samu Jabez a turken shanu. Na ce masa shekara nawa ke nan yana riƙe da kansa, mutumin da ya iya wannan ba kurɓi ɗaya ne zai kayar da shi ba. Na ce ya jiƙa leɓe kawai, Allah ya san zuciyarsa. Na ce ya dubi Leah. Sai ya ce, "To, ki aika wa Peggy."

Ki zo ki ga ikon Allah. Kafin azahar gidan ya cika har tsakar gida. Peggy da ke cewa ƙafa ta hana ta zuwa coci, sai ga ta a gaba da tukunya, 'ya'yan Reuben na biye da ganga. Anthony Coates ya zare ƙusoshinsa yana ta washe baki kamar an ba shi kyauta. Na buɗe akwatin kayan Baba Kit na samu kofin naɗe cikin tsohuwar rigar matarsa, na kuza ne, ya yi baƙi, kunnuwansa sun sha hannu har sun yi santsi. Samarin da aka haifa jiya-jiya suna ta tambayar juna, wai mene ne sunan abin ma? Tsofaffi kuwa sai maimaita kalmar suke, arbal, arbal, har da masu hawaye. Ni dai ƙamshin da ya tashi daga tukunyar nan na san shi farin sani.

Aka shigo ɗaya bayan ɗaya ana duba fuskar. Sai Gwaggo Peggy ta cika kofin ta miƙa wa Jabez, ta ce, "Ga ubanka, ga mutanenka, ɗan Kit. In da nauyi a hannunka, ajiye kofin."

Bai karɓa nan da nan ba. Sai da ya cire shuɗin ƙyallen daga ƙirjinsa, ya juyo ya danƙa mini, ya ce a hankali, "Riƙe mini, zan karɓa." Sannan ya ɗora hannu a ƙirjin Baba, ya ce, "Baba, ka san ban taɓa ka ba," ya kai kofin baki. Na zuba wa maƙogwaronsa ido, Yaya. Ba leɓe ya jiƙa ba. Na ga ya haɗiya, ya sake haɗiya, idonsa a rufe, sai da Peggy ta riƙo ɗaya kunnen kofin ta ce, "Kai, bar wa shaidu nasu!" Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutanen nan suka juye a take. Reuben, wanda bakinsa ya kunna wutar nan, shi ya fara rungume Jabez yana kuka yana cewa dama shi bai taɓa yarda ba. Matarsa ta cusa wa Leah waina a aljihu. Kofi ya zaga har ya iso kaina, na kurɓa, don in na ƙi sai a ce matarsa ma ba ta shaide shi ba. Maza har rububin ɗaukar akwatin suke. Suka hau dutse da shi cikin ƙanƙara, suna sauke shi a kan faffaɗan duwatsun nan na hutu, Jabez a gaba bai yarda an karɓe shi ba sai da aka hango coci. Mista Calvert bai zo ba, ya aiko cewa yana mura.

An gama, sunanmu ya wanku tas. Yau da safe har mata uku suka shigo aron abin da na san suna da shi a gida, don dai su nuna an shirya. Jabez yana ta aikinsa, ya yi shiru ne kawai, ai dole, uba ya rasa. Ƙyallen yana aljihuna. Bai tambaya ba tukuna, ni kuma ba na son in matsa masa a kwanakin makoki.

Allah ya bar zumunci. Ki rubuto.

Ƙanwarki,
Tamar

Birkgill,
Afrilu, 1882

Yaya Keziah,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan. Wasiƙunki duk sun iso, da safar da kika saƙa wa Leah, ta gode. Ki yafe mini shirun da na yi. Kunya ce ta riƙe mini hannu. A ta farkon kin rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada in bar Jabez ya taɓa kofin nan ko da gawar za ta shekara a falo. Ta iso bayan an binne shi.

Ya koma sha, Yaya. Bai kai sabuwar shekara ba. Da farko a rumbu yake ɓoyewa, a daidai inda Baba ya faɗi, daga baya ya daina ɓoyon. Yanzu shagon giya na bakin gada ya fi gidansa sanin fuskarsa, kuma ba ya rasa mai saya masa, tunda shi ne ɗan Kit da ya yi wa ubansa arbal irin na da. Har waƙa suke masa. Da ƙanƙarar ƙarshe ta sauko bai hau ya sauko da tumaki ba, ni da Leah muka tono waɗanda muka iya, sauran sai da ta narke muka ga mushensu, da 'ya'yansu a ciki. Bai taɓa ni ba tukuna. Amma na koma kwana da takalmi a ƙafa, Leah kuma ta koyi gane tafiyarsa tun daga bakin ƙofar gona. Ran nan da safe ya same ni ina tatsa, ya tsaya a kaina, ba fushi ba faɗa, ya ce, "Ai na gaya miki ba ni da kurɓi ɗaya." Da ma marina ya yi.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya Gwaggo Peggy ta zo, da Reuben da matarsa, sun sha kayan coci, fuska cike da tausayi. Peggy ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, mun ga halin da gidan Kit ya shiga, kuma ba za mu zuba ido ba. Mu nan ba ma yar da namu. Mun yanke shawara za mu yi muku bidel."

Na ce me?

Ta ce, "Bidel mana, ba ki taɓa ji a bakin Kit ba? Kowane gida zai kawo hatsi, in dafa, a taru a nan gidan a sha, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa, ku mai da tumakinku. Rabon da a yi tun ina budurwa. Ke dai ki wanke kofin. Maigida ne ke fara sha, shi ke zuba wa baƙi."

Yaya, na dube su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai fara dariya. Babu. Har ga Allah taimako suka zo yi, Reuben har idonsa ya kawo ruwa don jin daɗin kirkinsa. Abin da na ce kawai shi ne, a cikin buhun kalmomin nan nasu, wace ce sunan wadda ake sha ranar da aka kashe matar gida, don in san abin da zan bar wa Leah wasiyya. Peggy ta saki hannuna ta ce 'yar birni dai ba ta san alheri ba.

Sun riga sun gaya wa Jabez a bakin gada, ya kuma amsa. Asabar mai zuwa ne. Shi da kansa ya ɗauko kofin yana goge shi da toka, rabon da in ga ya yi aiki da marmari haka tun kafin rasuwar Baba.

Don haka ga roƙona. Ki tambayi Septimus ko masaƙarsu na ɗaukar mata, ko shara ce zan yi. Ki share mana ko kusurwar kicin ce. Mai kai wasiƙu ya yarda ya rage mana hanya zuwa tashar jirgin ƙasa ranar Juma'a, kafin a ɗora tukunya. Ba na ɗaukar komai sai Leah da kayan jikinmu.

Shuɗin ƙyallen ne kawai na rasa yadda zan yi da shi. Na ɗora shi a kan matashinsa, na koma na ɗauke. Cewa ya yi in riƙe masa zai karɓa, ban kuma taɓa jin ya ce ya fasa ba. Zan taho da shi. Ya san gidanki.

Sai na gan ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Tamar